Mai Masaukin Sa'ade

Cikin shekarun da na yi ina aikin malamar gona a Madarumfa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Madam Rakiya ta leƙo biro ɗina, wato ofishina, ta ce an yi mini baƙuwa. Na miƙe ina gyara ɗankwali, ina leƙen bayanta in ga wadda ta zo. Babu kowa. Ta nuna wayata da ke kan tebur ta ce, "Tana nan ciki, Hadiza. Sunanta Sa'ade, daga wajen garin Sarkin Yamma. Ke ce mai masaukinta."

Ku da kuka zo aikin nan kuka tarar da zaure cike da hira, bari in faɗa muku yadda aka faro. Madam Rakiya ita ce shef ɗinmu a lokacin, wato shugabar malaman gona na yankin, kuma ita ke riƙe da ƙungiyarmu ta malaman gona. Ƙungiyar tana da shafi a intanet, wanda ban da hotunan taro babu abin da ake sawa. Madam ta sa aka buɗe mana wurin tattaunawa a waya, muka raɗa masa suna zaure, da ɗakuna daban-daban: na ƙwari da cututtuka, na ban-ruwa, na iri. Sannan ta sa aka liƙa gayyata a saman shafin. Duk malamin gonar da ya ci karo da ita, sai ya rubuta sunansa da inda yake aiki, a turo masa hanyar shiga. Wasu manya sun so a taƙaita abin ga 'yan ƙasarmu kawai. Ta ce ƙwaron da ke cin wake a Maraɗi ba ya tsayawa a nuna takarda a kan iyaka, don haka a bar ƙofa a buɗe.

Mutane suka yi ta shigowa. Duk taron da aka yi sai mu yi ta alfahari da yawanmu. Amma in ka buɗe zauren, shiru kake ji. Dalilin kuwa mu duka mun san shi, ba ma dai faɗa. Yaro ya gama makaranta jiya, ya shigo ya ga sunan darakta, ya ga na injiniyoyi, ya ga na malamansa da suka ba shi maki. Wane bakin zai buɗe? Sai ya yi sallama, wani ya amsa masa da hoton babban yatsa, shi ke nan ya nemi lungu ya laɓe.

Abin ya dami Madam ƙwarai. Mahaifinta mai masaukin fatake ne, waɗanda ke zuwa da kaya daga Najeriya, kuma a gidansa ta ga yadda ake karɓar baƙo. Sai ta kwaso tsarin gidan nasu ta kawo mana. Duk wanda ya shigo ta gayyatar shafi, za a ba shi mai masauki daga cikin tsofaffin zaure. Mai masauki zai kira shi da murya, ba rubutu ba. Kiran farko gaisuwa ce kawai, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. In kuma yana da tambayar da yake jin nauyin yi, mai masauki ne zai kai ta zaure a madadinsa, ba kuma wanda zai ce ta wace ce. Ranar da ta karanta mana wannan, na ce mata, "Madam, saura tuwo. Shi ma ta waya za mu tura musu?" Ta yi dariya ta ce in bari baƙona ya zo tukuna.

To ga shi ya zo. Lokacin an gama girbin gero, masu lambu sun dasa tumatir. Na kira Sa'ade da yamma. Muryarta ƙarama, sai "lahiya lau, Yaya" take maimaitawa. Na tambayi aiki, lafiya lau. Na tambayi mutanen gari, lafiya lau. Ni da ba ni da haƙurin zagaye-zagaye, bakina har ƙaiƙayi yake in ce mata ta faɗi abin da ke ranta, don na ji akwai shi. Amma doka doka ce. Na ba ta labarin yadda na faɗa rijiyar lambu a shekarata ta farko, ta yi dariya, muka yi sallama.

Bayan kwana biyu na sake kira. Muna cikin gaisuwa sai ta ce, "Yaya, tumatirin matan nan na mutuwa a hannuna. Kuma ni nac ce su shibka shi."

Na ce ta faɗa mini daga farko. Ashe wannan ne aikinta na fari, wata ƙungiya ce ta tura ta wani ƙauye ta taimaka wa mata da noman rani. Matan ba su da fili. Wani dattijo ya ara musu na rani ɗaya, da sharaɗin in bai ga amfani ba zai karɓe ya ba 'ya'yansa maza. Su suka yi shingen kara da hannunsu, su suka yashe rijiya, su ke jan ruwa safe da yamma. Yanzu ganyen ya nannaɗe, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsaya ba ta girma, fure na zubewa. In lambun ya mutu, fili ya tafi, ita ma ba mai sake sauraronta a garin.

Na ce, "To ke da kike cikin zaure, mi ya hana ki tambaya?"

Ta ce, "Malam Isuhu na ciki, Yaya. Shi ya koya muna cututtukan tumatir a lakwal, makarantarmu ta noma. In ya ga tambayata, cewa zai yi zaman banza na yi a ajinshi."

Ban ga laifinta ba. Malam Isuhu ya yi ritaya, amma har mu da muka tsufa a aiki, in ya yi gyaran murya sai mun gyara zama.

Na sa ta turo mini hotuna, na shiga ɗakin cututtuka na rubuta, "Salamu alaikum. Baƙuwata ta zo da kaya, ga su nan, a duba mana." Kafin la'asar amsoshi sun fara zuwa. Wani ya ce rashin taki ne. Wani ya ce ruwa ne ya yi yawa. Sai ga saƙon murya daga Malam Isuhu. Na gyara zama na buɗe shi, kamar ni ce ɗalibar.

Ya ce, "Ina da zato, amma ban sani ba tukuna. Hoton ga bai ishe ni ba. A tahi da sahe a girgiza shibkar a ga ko wani abu na tashi, a kuma ɗauko mini bayan ganyen."

Wannan "ban sani ba" daga bakin mutum irinsa ta yi aiki a zauren nan fiye da duk wani taro da muka taɓa yi. Yaran da ban taɓa ganin rubutunsu ba suka fara fitowa, kowa na faɗin abin da ya gani a wajensa.

Washegari Sa'ade ta girgiza shukar ta ɗauki bidiyo. Wasu 'yan ƙananan fararen ƙudaje suka tashi kamar an busa gari. Wani malamin gona daga wajen Katsina, wanda shi ma ta gayyatar shafi ya shigo, ya ce sun sha wannan a bara. Ƙudan ne ke ɗaukar cutar daga shuka zuwa shuka, kuma wadda ta kamu ba ta warkewa, sun yi ta feshi a banza. Malam Isuhu ya tabbatar. Ya ce a tumɓuke duka a binne nesa da lambu, a dasa abin da cutar ba ta kamawa tun lokaci bai ƙure ba. Wani abokin aikinmu na garin Safo ya ce masu lambunsa suna da rarar dashen kabeji, zai sa a kai a amalanken jaki.

Na kira Sa'ade ina murna an gano ciwo. Sai na ji tana kuka. Ta ce, "Yaya, da wane baki zan ce wa Inna Habsu ta tumɓuke abin da ta yi wata da watanni tana ba ruwa?" Inna Habsu ita ce shugabar matan.

Na je na faɗa wa Madam, ina ganin nawa aikin ya ƙare tunda na kai tambaya na kawo amsa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Babana bai taɓa nuna ma baƙo hanyar kasuwa da yatsa ba. Tashi shikai ya raka shi. Ɗauki moto, babur ɗin nan na aiki, ni zan sa hannu a takardar fita." Daren nan Malam Isuhu ya turo mini wani saƙon murya ni kaɗai, ya ce kada in buɗe sai a gaban matan.

Da hantsi na isa. Sa'ade yarinya ce siririya, ta tare ni a bakin gari idonta jawur. Matan na zaune a inuwa bakin shinge, gugansu a gefe. Muka gaisa, na yi niyyar in yi bayani, sai Sa'ade ta taɓa hannuna ta ce ita za ta faɗa. Ta faɗa kuwa, ba ta rage komai ba.

Inna Habsu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, ke kika ce mu shibka, munka shibka. Yau ke kika ce mu tumɓuke. Gobe mi za ki ce? Hannuwan ga duk sun yi kanta. In munka tumɓuke, mai hili ya zo ya ga ƙasa tsirara, mi za mu ce mai?"

Sai na ciro waya. Na fara kunna musu muryar mutumin Katsina yana ba da labarin asarar da suka yi, da ta mutumin Safo yana cewa dashe na kan hanya. Matan suka matso, suna mamakin yadda maza a garuruwan da ba su taɓa zuwa ba suka kwana suna maganar lambunsu. Sannan na buɗe na Malam Isuhu.

Ya gaishe su da girmamawa, ya yi musu sannu da wahala. Ya ce cutar nan ko a lambunsa ta shiga, shi ma tumɓukewa zai yi. Sannan ya ce, "Wannan ba laihin malamarku ba ne. Ku saurare ta. Sa'ade ɗalibata ce, ni na koyar da ita, kuma da ba ta da ido da ba ta gane da wuri ba."

Ashe tun ranar farko ya san ko wace ce. Ya ga sunanta da garin da take cikin sababbin shigowa, ya haɗa da hoton, ya yi shiru saboda dokar zaure. Sa'ade ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kaina sai da na juya na yi kamar ina duban rijiya.

Inna Habsu ta daɗe tana kallon kwamin tumatirinta. Ta tashi, ta ɗaure zane, ta sunkuya ta kama ta farko ta fizge. Sauran suka bi ta, kodayake akwai waɗanda sai da aka sha fama da su har rana ta take. Amalanken Safo ya iso da yamma, aka dasa da sanyin la'asar.

Ba zan ce muku sun samu abin da tumatir zai ba su ba, don ba su samu ba. Kabejin ya yi, sun ci, sun kai kasuwa. Da dattijon ya zo duba filinsa ya tarar da shi kore shar, ya zagaya, ya ce su ci gaba da riƙewa. Har yau suna nomansa.

Labarin ya bazu a tsakanin 'yan ajin su Sa'ade. Suka yi ta neman shafin suna danna gayyata, har masu masauki suka yi mana kaɗan, Madam ta koma ba mutum baƙi bibbiyu. Wasunku da ke zaune nan ta wannan hanyar kuka shigo.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu masu sani ba su yi kaɗan ba, kuma yawancinsu ba su da rowa. Malam Isuhu da muke jin tsoro yana can yana jiran a tambaye shi. Kunya ce ke raba mai tambaya da mai amsa, kuma gayyatar da ke kan shafi ba ta iya cire ta, sai mutum ya ɗauki waya ya kira ɗan'uwansa. Madam Rakiya ta gane wannan tun muna yi mata dariya. Don haka in an ba ɗayanku baƙo, kada ya ce sai ya samu sarari. Da ban kira Sa'ade ba, da tana nan cikinmu a zaure, sunanta cikin waɗanda muke alfahari da yawansu, har lambun ya mutu a karɓe filin, ba wanda ya sani a cikinmu.