Kwandon da na saƙa wa gindi

Jiya jikata ta nuna mini 'yan ƙwallon kwando a wayarta, sai na tuna da dogon Bayahuden nan da ya zamna Illela bayan mun samu mulkin kai. A ƙasarsu wasan nan ne sana'arsa, da gwiwarsa ta lalace ya zo koyarwa. Ran Asabar ko taɓa ƙwallo ba ya yi, wai ranar Ubangijinsa ce.

Ya ɗaure kwando marar gindi jikin icce. Ni ko ɗiyar masu saƙar kaba ce, na ji tausayin baƙo da ɓatatten kwando. Na sauke shi, na wuni ina saƙa masa gindi, na mayar.

Da la'asar ya jefa ƙwallo, ta zamna ciki daram. Maza sunka fashe da dariya. Kawuna ya ɗaga mini sanda: "Ke! Mi ya kai ki taɓa kayan baƙo?"

Bayahuden ya riƙe sandar, hannunsa duk warin roba da zufa. Ya ce, "Malam, bar ta. Mu ma da mai gindi muka fara."

Ya zunguro ƙwallon da gora, ya miƙo mini. Sau biyu na kuskure, na uku ta shiga, gaban maza duka. Kawu da kansa ya zunguro mini ita da sandar nan.

An ce Bayahuden ya daɗe da rasuwa. Da furfura na koyi rubutu, ga shi na rubuta shi. Allah Ya saka masa yadda ya rufa mini asiri.