Ɓaunar da Allura Ta Kasa Ceta a Makka

Tun duku-duku muka bar Kano a jirgin alhazai zuwa Jidda. Daga can babbar mota ta kwashe mu zuwa Makka, zafi kamar bakin tanda, ga ruwan sha ma sai ka saya. Bayan mun sauke farali na je unguwar Mansur neman kawuna, wanda ya zo hajji tun ina goye bai koma ba.

Abin da na tarar a bayan gidansa ya sa na ja da baya ina salati. Ɓauna ce baƙa wuluk, ɗaure a turke! Mu da muka san ɓauna a daji, maharbi ma sai ya shirya. Kawu ya yi ta dariya, ya ce jamusa ce ta Masar, tatsarta ake yi. Da nononta yake ciyar da iyalinsa, don ba shi da takardar zama balle aikin albashi.

Sai dai ba ta da lafiya. Hantsarta ta kumbura ta yi tauri, in an tatsa sai gudaji da jini. Kawu ya ɗauko kwalbar fanisilin ya zuƙi rabi a sirinji ya yi mata allura.

Na ce, "Kawu, rabi kawai?"

"Aiwa, ɗana, haka muke yi. In ta miƙe, halas, shi ke nan, sauran na maƙwabci ne."

Ashe masu jamusa na unguwar kwalba ɗaya suke zagayawa da ita, kuma ko tari dabba ta yi sai allura.

Wannan karon ta ƙi miƙewa. Aka kira wani likitan dabbobi Bamisre, kawu na yi mini tafinta. Ya ce rabin allura raunanan ƙwayoyin cuta kawai take kashewa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har maganin ya zame musu ruwa. Ni da na ɗauka babu ciwon da zai ji allurar Bature ya tsaya!

Kafin mu taso aka yanka jamusar, naman ma ba wanda ya taya. Kawu da furfurarsa ya ce zai koma dakon kayan alhazai a Mina, aikin da sai shekara-shekara. Har ya raka ni mota bai iya haɗa ido da ni ba.

Na iso gida lafiya, zaure cike da 'yan barka da zuwa. Da la'asar na zaga garke, na tarar da ƙanena durƙushe gefen saniyarmu mai ciwon nono, yana mayar da rabin kwalbar fanisilin aljihu. Na kama hannunsa. A tafiyar nan na ga Ka'aba, na kuma ga yadda tsimin magani ya raba tsoho da abincinsa. Ban saki hannun ƙanena ba sai da ya yarda mu nemo likita.