Tarihin Turai a Sabon Allo

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ita ce shekarar da na fara riƙe alli. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, har a ƙauyenmu da ke kusa da Yargoje ana ta sauke rufin ciyawa ana ɗora kwano, samari suna yawo da rediyo a kafaɗa. Azuzuwa suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Ni kuwa na sauke Alƙur'ani, na karanci fiƙihu a zauren kawuna, limamin garinmu, hannuna ya faɗa da ajami tun ina yaro. Boko da ɗan Turancin da nake da su a ajin yaƙi da jahilci na samo, na ƙara a kasuwar auduga wurin masu awo. Da wannan aka ɗauke ni malamin Arabiyya, daga baya aka haɗa mini da aji guda, don babu mai riƙe shi.

Na so ajin nan. Yara ne da na san iyayensu da gonakinsu, kuma a hannuna suka fara haɗa baƙi da wasali. Sai ga mai duba makarantu ya zo daga Kankara a sabon babur, ya ce duk malamin da ba shi da takardar shaida za a karɓe ajinsa da zarar ɗaliban kwalejin horon malamai sun fito, sai fa wanda ya zauna jarrabawar waje, ta masu karatu a gida, ya ci. Na tambaye shi darussan da ake so. Ya lissafo Hausa da addini da Turanci, ya ce sai na ƙara guda. Na ce tarihi.

"Wane tarihin, Malam? Akwai na nan gida, akwai na Turai."

Hedimastanmu yana tsaye, ya ce shi na Turai ya yi, littafin ma yana akwatinsa. Mai duba makarantu ya yi dariya har ya dafa baburinsa.

"Malam da Turai! Ka bari dai a bar maka Arabiyyarka, ka huta."

Na ce, "Rubuta mini na Turai."

Hedimastan mutumin wajen Tafoki ne, ɗan gidan Maguzawa, ya yi karatu a makarantar mishan ya zama Kirista. Ya girme ni kaɗan. Muka yi sharaɗi: shi zai warware mini littafin kullum bayan la'asar, ni kuma in koya masa ajami, don iyayen yara da shi suke aiko saƙo, kuma ya gaji da kirana daga aji in karanta masa. Na ce a fara da nawa karatun, tunda jarrabawa ke da wa'adi. Ya yarda, amma duk ranar da muka tashi sai ya ce, "Malam, ina binka fa."

Littafin ya ƙi zama a kaina. Sunayen sarakuna da garuruwa da shekaru sai su shiga da yamma su fita da asuba. Na zauna na yi tunani, na ga ban taɓa riƙe wani ilimi ba sai wanda na rubuta a allo na rera. To, don me zan sauya hanya saboda Turawa? Na je kasuwar Kankara na sayo sabon allo, don ba zan ɗora yaƙe-yaƙen duniya a wanda na yi hadda da shi ba. Abin da hedimasta ya warware mini, sai in mai da shi waƙa da ajami, in rera har ya zauna, in wanke, in ɗora na gaba. Har yau ina iya farkonta:

Talakan Faransa da yunwa ta ci su,
Suka kama sarki, wuya suka sare.

Daga nan waƙar ta bi sojan nan ɗan tsibiri da ya naɗa kansa sarki, ya kai runduna Rasha sanyi ya cinye ta. Ta bi taron da sarakuna suka yi suka sake raba ƙasa, ta bi wazirin Jamus mai dabara da ya haɗa ƙananan masarautu suka zama ɗaya, har ta kai ga harbe yariman Ostiriya da yaƙin da ya biyo baya.

Kawuna ya ji ni ina rerawa a zaure, ya leƙo ya ɗauki allon ya karanta. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Mi ne ne wanga? Baƙaƙen da na koya maka ka rubuta sunan Allah, su kake rubuta labarin masu giya da su?"

Na ce, "Baba, da su muke rubuta wa Alhaji mai goro saƙo, da su muke rubuta maganin ciwon ciki. Kuma mutanen nan sun zo sun mallake mu, sun san sunan kakanninmu kaf. Ni ma ina so in san nasu, in ga yadda suka ƙare da junansu."

Ya ajiye allon ya ce aƙalla kada in zubar da ruwan wankinsa inda ake zuba na Alƙur'ani. Na ce wannan gaskiya ne. A gindin dalbejiya nake zubarwa.

Ranar jarrabawa na bi mota ta Sheme zuwa Funtuwa. Babban ɗaki ne, tebura a jere, mafi yawan masu zaman ƙannena ne a haife. Mai tsaronmu wani saurayi ne da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu. Aka raba takardu, na yi bisimilla na duba. Ga tambaya a kan abin da ya jawo yaƙin duniya na farko. Na ce alhamdu lillahi, wannan na san ta.

Na ɗora biro, sai na tarar babu komai a kaina. Baitocin yaƙin suna can ƙarshen waƙa, ni kuwa ban taɓa shigarta ta tsakiya ba. Duk wanda ya yi tilawa ya san wannan: daga fari ake ɗaukowa, kowane baiti shi ke jawo ɗan'uwansa. Kuma ba ta fitowa a zuci, sai baki ya motsa, jiki ya kaɗa. Na fara a hankali, daga talakan Faransa.

Ban kai Rasha ba, sai ga takalmi mai tudu a gabana.

"Baba, nan ba masallaci ba ne. Yi shiru."

Na yi shiru, waƙa ta tsinke. Ya juya, na koma kan talakan Faransa. Wani yaro a bayana ya ce, "Don Allah a hana Malam wazifa, yana ruɗa mu." Ɗakin ya ɗauki dariya. Saurayin ya dawo ya dafa takardata, ya ce in na ƙara zai karɓe ta ya rubuta cewa na yi magana.

Na ce, "Da wa na yi magana?"

"Doka ta hana."

"Doka ta hana in tambayi wani. Ni kaina nake tambaya, kuma da baki yake ba ni amsa. Takardar nan ba za ka ɗauke ta ba. In ina damun yara, ka fitar da ni da teburina."

Hayaniyar ta jawo babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya ji ta bakin kowa. Ya sa na juye aljihuna, na cire hula ya duba cikinta, ya duba tafin hannuna. Sannan ya ce, "Ɗauki teburinka, Malam." Na ɗauka a ka na fita baranda, inda rana ta riga ta ci rabin wurin. Aka sa masinja ya zauna kusa da ni yana gadi.

A nan na saki murya. Na sare kan sarki, na kai runduna Rasha na baro ta a ƙanƙara, na haɗa Jamus, na iso wurin yarima, sannan na juya abin da ya fito zuwa Turancina mai ɗingishi. Kowace tambaya sai na koma fari. Masinjan har ya fara kama amshi. Da aka buga ƙararrawa, tambaya ta ƙarshe ko taɓa ta ban yi ba, rigata kuwa ta jiƙe da gumi.

Sakamako ya fito bayan an kai amfanin gona gida. Sauran darussan uku na ci su; a tarihin Turai na sami mafi ƙanƙantar makin da ake ci da shi, amma ci ne. Ɗaliban kwaleji suka zo, aka rarraba su, ajina yana hannuna. Da mai duba makarantu ya dawo bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na dai tsaya a bakin ƙofar ajina har ya wuce.

Hedimasta bai jira ba. Ran nan da la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya yi sallama, ya ce, "Malam, na zo karɓar nawa."

Kawuna ya kira ni gefe ya ce mutane za su yi magana, a ce gidan liman ana koya wa Kirista baƙaƙen Alƙur'ani. Ko in kai shi makaranta in rufe ƙofa. Na ce, "Baba, shi a fili ya koya mini, a fili zan biya shi." Na shimfiɗa tabarma a bakin hanya, inda masu dawowa daga gona ke wucewa, na feƙe masa alƙalamin kara. Hannunsa ya yi ta gudu zuwa hagu don ya fara daga can, ina maido shi dama. Masu wucewa suka tsaya kallo, wasu suka yi gunaguni, muka ci gaba da abinmu.

Kafin damina ta faɗi, wata safiya wani uba ya aiko da 'yar takardar ajami makaranta. Ina cikin aji ina jiran a kira ni, ba a kira ba. Sai hedimasta ya leƙo ta taga, ya karanta mini da ƙarfi, yana tsayawa a kan kowane wasali, cewa yaron ba zai zo ba, ya kai shanu allura. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Shi ke nan, Malam," in ji shi. "Ba na binka komai."