Almakashi da Kaskar Zuma

Almakashi ake ce masa, ba don sana'ar aski kaɗai ba, har da bakinsa. Shekara da shekaru yana tsaye a bayan kujera mai juyawa, a wani ɗan shago kusa da tasha, yana rage wa mutane suma yana ƙara musu shawarar da ba su nema ba. Mai ciwon baya ya samu likita, mai rigimar gado ya samu alƙali. Tunda aska na kan wuyanka, me za ka ce in ba "haka ne" ba?

Da gwiwoyinsa suka gaji da tsayuwa, ya bar wa ɗansa shagon ya dawo gida. Nan ya shiga koya wa matarsa shanya da yankan albasa. Baiwar Allah ta yi haƙuri har ya ƙare, sannan ta roƙi ƙaninta, wanda ke kiwon zuma a bayan gari, ya samo wa mijinta abin yi. Ƙanin ya kawo akwatunan zuma uku ya jera a gindin katangar bayan gida. Kafin wata ya zagayo Almakashi ya zama masani, har yana gyara wa wanda ya kawo su.

Shekarar farko ya sha zuma, ya sha yabo, yawancinsa daga bakin kansa. A ta biyu ƙanin ya zo gaisuwa, ya leƙa wajen akwatunan. Wasu ƙudan na rarrafe a ƙasa, fukafukansu a cukurkuɗe kamar an tauna.

"Yaya, kana duba su kuwa? Kamar kaska ta shige su."

"Kaska? Kare ka gani a nan?"

"Ba irin ta kare ba. 'Yar mitsitsiya ce, ja, kamar kan allura. Tana manne wa ƙuda tana tsotsarsa, ta shiga saƙa ta hayayyafa a jikin 'ya'yan."

Ran Almakashi ya ɓaci. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tafasa mataji, ko kwarkwata ɗaya ba ta taɓa kwana a shagonsa ba, yau yaron da ya yi wa askin makaranta zai ce masa ƙazami?

Ƙanin bai ja magana ba. Ya ɗebi ƙuda a kwalba, ya rufe bakinta da raga, ya zuba musu garin sukari, ya jujjuya, sannan ya kife ta a kan farin faranti ya karkaɗa. Ƙudan suka fito fari fat, a fusace amma da ransu. Farantin kuwa ya cika da jajayen ɗigo. Almakashi ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Barkono ne," in ji shi.

"Barkono mai ƙafa, Yaya? Ga shi yana tafiya."

"To daga naka suka zo."

Maganin da ƙanin ya bar masa, wasu 'yan faifai na leda da ake ratayawa tsakanin saƙa bayan an kwashe zuma, ya jefa su a kan kabad. Ya ce mutumin da ya warkar da ƙyasbi da makero ba zai tsaya jiran leda ba. Ya yi musu hayaƙin tafarnuwa. Da bai ga canji ba, ya fesa musu ruwan da yake shafa wa mutane bayan aski. Ƙudan suka bayyana ra'ayinsu a fuskarsa. Ya yi kwanaki ido ɗaya a rufe, yana gaya wa maƙwabta haƙori ne.

Wata safiya ya ɗaga murfin akwatin tsakiya bai ji ƙugi ba. Gawarwaki a ƙasa, saƙa ta yi baƙi, sai wari. Ya kife bokiti ya zauna a kai har rana ta take. Duk surutunsa, yana son halittun nan. Kullum sai ya yi musu sallama kafin ya karya. Matarsa ta leƙo ta taga, ta gan shi baki a rufe, ta tsorata ta kira ƙaninta.

Aka sauko da maganin daga kan kabad aka rataya. Akwati biyun suka rayu.

Tun daga nan masu kiwon zuma na unguwar ba su sake hutawa ba. Almakashi yana yawo da kwalba da faranti a jaka, ya faɗa gidan mutum ba gayyata, ya karkaɗa masa ƙuda, ya yi masa faɗan sakaci. Yakan kawo misali da wani mai taurin kai da ya sani, wanda ya rasa akwati guda, amma ya ce ba zai faɗi sunansa ba saboda sirri.

Kwanan baya ya je duba na ƙanin matarsa. Ya karkaɗa, faranti tas. Ya koma akwati na gaba, tas. Ya lashi sukarin a yatsa, ya yamutsa fuska.

"Sukarinka ya sha iska," ya ce. "Gobe zan dawo da nawa."