Tarkon Doki

Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da maigidana, abu ɗaya ya rage masa daga shekarunsa na koyarwa a Kwoi: ces, darar nan ta Turawa. Abokan wasa sun yi ta zuwa gidanmu a Kafanchan, sannan suka ɗauke ƙafa. Sai 'yarmu ta kawo tsohuwar kwamfuta mai wasan a ciki.

Yana da wani tarko da yake ɗanawa da doki, ɗaya daga cikin 'ya'yan wasan. Ya bayar da sarauniyarsa kamar ya yi kuskure, kwamfutar ta haɗiye, sai ya rufe sarkinta. Ranar da ya fara kama ta na ji dariyarsa tun daga madafa, ina kankare citta. Rabona da jin dariyar nan tun kafin asibiti.

Washegari ta ƙi cin sarauniyar. Kullum ita ke cinye shi, har ya fara juya wa abinci baya. Tsoro ya kama ni, don na san mutumin: in ya saki wasan nan, ya saki komai.

Na kira 'yarmu a waya. Ta ce kwamfutar tana nazarin wasa, duk inda ta sha kaye sai ta adana yadda 'ya'yan suka tsaya a kan allo, ba ta sake bi ta wurin. Na ce, to, ta fi ubanki jin magana. Ta kwatanta mini inda ake share abin da ta adana.

Haka na riƙa sharewa duk safiya kafin ya tashi. Kwamfutar ta koma wawuya, shi kuma ya koma cin tuwonsa.

Wata Lahadi muna dawowa daga sujada a coci, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Mama, kar ka share shi kuma," in ji shi, da bakinsa da ya karkace. "Na sani tun tuni. Bar shi ya tuna na taɓa cin shi."

Ban sake taɓa wurin ba. Bai kai girbin citta ba ya rasu.

Yanzu nakan kunna ta wani lokaci, duk da ban iya wasan kirki ba. Ina bin takunsa ɗaya bayan ɗaya, in miƙa mata sarauniyar. Takan ɗan tsaya, sannan ta ƙi ci. Kewarsa takan cika ni, amma ina jin daɗin ganin har yau tana tsoronsa.