Maliki Tela da Wandon Jirgi

Duk wanda ya san kasuwar Jalingo a shekarun da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Bama ya san Maliki tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Rumfarsa tana bakin hanyar Kona, kuma tun daga nesa za ka ji keken ɗinkinsa yana gudu kamar an biyo shi. Siririn mutum ne mai ɗan gemu, wanda Allah bai ba shi zama ba. In yana ɗinki ƙafa tana taka keke, in ya daina ɗinkin ƙafar ba ta daina ba. Kafin azahar sai ya tashi sau goma ya leƙa hanya, ka tambaye shi wa yake jira ya ce ba kowa. Matarsa Furera ta sha faɗa wa maƙwabta cewa ko tuwo a tsaye yake ƙarasa shi.

Amma a wajen aiki ba ya gaggawa ko kaɗan. Ko tsumma ka miƙa masa sai ya kalmashe bakinsa kafin ya mayar maka. Bai yarda wani abu ya bar rumfarsa da baki a buɗe ko zare yana lilo ba, kuma inda wasu teloli ke bi sau ɗaya shi sai ya bi sau biyu. Fulanin da ke shigowa daga Sunkani ranar kasuwa sukan ce rigar Maliki sai dai yadin ya mutu, ɗinkin ba ya mutuwa. Yana jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Bakano ne, haifaffen cikin birni. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, yayarsa Uwani ce ta goya shi har ya yi wayo. Yana ɗan shekara takwas ubansa, wani bafatake mai sayar da tufafi, ya ɗora shi a kan jaki suka yiwo gabas. Uban ya rasu a Jalingo, ɗan ya koyi allura, daga baya ya sami keke, ya yi aure, ya zama ɗan gari. Shekara talatin da biyu bai koma Kano ba. Ga mutum mai ƙaiƙayin ƙafa, amma iyakar tafiyarsa Lau, inda yakan tsaya ya kalli Binuwai ya juyo. Kowace shekara sai ya ce bana zai je. Gaskiyar maganar ita ce kunya yake ji. Ba ya son ya shiga gidan Uwani da ɗan akwati ɗaya, a ce shekara talatin da biyu ga abin da ta haifar.

Da kakar wata shekara wani mai kawo goro ya miƙo masa wasiƙa da ajami. Uwani ce ta sa aka rubuta, kuma ba ta ja magana ba. Ta ce yanar ido ta rufe mata na dama, na hagu ma ya fara hazo, ya zo ta gan shi tun da sauran gani. Maliki ya karanta sau uku a tsaye. A ranar ya ɗaure akwati, ya gaya wa Furera Alhamis zai kama hanya: mota zuwa Lau, kwalekwale ya ƙetare, wata motar zuwa Jos in Allah ya kawo ta, sa'an nan jirgin ƙasa.

Ranar Laraba sai ga Malam Abbo, wani Bafulatani akawun En'e, da wani ƙunshi a hammata.

"Jam na, Maliki? Di'o ta ce in kawo maka wannan. Jirgin sama za ta sauka a garinmu."

Ya warware ƙunshin. Wani dogon abu ne na yadi, faffaɗa a sama, yana tsukewa zuwa ƙasa, ka ce ƙafar wandon wani ƙato ce. Tsoho ne, daga Yola aka aiko shi, wutsiyarsa duk ta yage ta zama zare-zare. Abbo ya ce a kan dogon itace ake rataye shi a gefen fili, matuƙin jirgi ya dube shi kafin ya sauka, kuma ana son sabo irinsa. Abin da matuƙin ke dubawa a jikinsa, Abbo bai faɗa ba, don shi ma bai sani ba, kuma akawu ba ya cewa bai sani ba.

Sai ya ƙara da maganar da ta ɓata komai. Ya ce ranar gwaji jirgin zai wuce Jos da Kano babu kowa a ciki, kuma Di'o, baturen mulki, ya ce in shugaban leburorin share fili da tela suna so a ɗauke su. Shugaban leburorin, wani ɗan Mumuye mai hankali, ya riga ya ce ko an ɗaure shi ba zai shiga ba. Maliki ya tambayi kwana nawa jirgin ke yi zuwa Kano. Abbo ya yi dariya ya ce ba a maganar kwana, in ka karya kumallo a nan a can za ka yi azahar. Yaushe zai zo? Da an gama share fili, wata ɗaya, in ya yi yawa biyu.

Da yamma Maliki ya kwance akwatinsa. Furera ta tuna masa cewa hanyar Lau ba ta rufe ba, idon tsohuwa kuma ba ya jiran kowa. Ya ce ba ta gane zamani ba. Wata guda ne kawai, kuma a ce Maliki ɗan Kano ya sauko daga sama a garinsu, ai ko Uwani sai ta fi son haka. Ya sa aka mayar da amsa cewa yana nan tafe a jirgin sama, ta riƙa duban gabas.

Kwana huɗu ya yi a kan aikin. Yadin da aka ba shi ya ga bai yi masa ba, shara-shara ne, sai ya ajiye shi ya ɗauko kakin da ake ɗinka wa 'yan doka, ya ninka biyu. Da ya zo wutsiya ya dubi tsohon, ya girgiza kai, ya ce telolin Yola ba su da tsoron Allah, ga shi gindin abu ya ɓarke gaba ɗaya. Ya haɗe nasa gindin tsaf, ya bi sau biyu, ya ƙara na uku don jirgi ne. Abbo ya karɓa ya yaba, ya kulle a kabad ɗin ofis sai ranar. Mutanen kasuwa suka sa wa abin suna wandon jirgi.

Wata ɗaya ya wuce. Aka ce gara ta tayar da suri a tsakiyar fili, sai an fasa an cike. Aka fasa. Aka ce filin ya ratsa burtalin shanu, makiyaya kuma sun ce kakanninsu ta nan suka bi, sai da aka yi ta zama da arɗo-arɗo kafin a karkata hanyar. Da aka gama wannan sai takarda ta zo cewa kamfanin ya sayi sababbin jirage manya, filin ya yi gajere, a ƙara taku ɗari uku. Leburori suka koma sarar itatuwa. Shekarar ta zama ta labarin jirgi ke nan. Yau a ce ya fara sauka Yola kowane mako, gobe a ce wasu alhazai sun tashi daga Kano sun isa Jidda kafin tuwon da suka ci ya narke, jibi a ce an buɗe wata hanya ta kudu. Kowane labari a rumfar Maliki yake kwana, don shi ya zama masanin jirgin garin, mutumin da bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba.

Zaman da dā ma ba shi da shi ya ƙare ɗungum. Kullum da hantsi sai ya rufe keke ya tafi fili, ya auna da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, ya tsinci duwatsu, ya kori akuyoyi, ba wanda ya sa shi. In kurciya ta yi fiffike a kan rumfa sai ya fito da gudu, allura a baki. Ɗinkin Sallah ya yi latti a karo na farko a rayuwarsa. Akwatin nan kuwa ya sha ɗauri da kwancewa har igiyar ta tsinke aka sake wata. Sau biyu ya yi niyyar bin hanya, sau biyun kuma Abbo ya ce mako mai zuwa ne, wannan karon ba shakka. To, wanda ya jira wata biyar yaya zai tafi ana saura kwana bakwai?

Da bazara wasiƙa ta biyu ta zo. Uwani ta ce duk lokacin da ta ji ƙarar jirgi takan sa a fito da ita tsakar gida, har yanzu tana iya ganin abu in ya gitta a sama. Maliki bai nuna wa Furera wannan ba. Ya cusa ta a aljihu, ya tafi fili ya yi ta auna abin da ya riga ya auna.

Sai tsakiyar damina waya ta zo ofis cewa jirgi yana zuwa ranar Talata da safe. Litinin da la'asar aka fito da wandon jirgi aka rataye a kan doguwar gora. Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye da iska mai ƙarfi. Duk da haka Jalingo ta fito. Mutanen Kona sun sauko, na Kachalla Sembe sun zo, makiyaya sun tsaya can nesa da sandunansu a kafaɗa. Maliki yana gaba, sanye da babbar rigar da ya ɗinka don wannan rana, akwati a hannu.

Can sai ga ƙara daga gabas, ga shi ya ɓullo ta gefen duwatsu, fari, ƙarami fiye da yadda ake zato. Ya sauko har aka ga tayoyinsa, ya sake tashi. Ya kewayo, ya sake saukowa, ya sake tashi. Itatuwa suna ta rangaji, rigunan mutane suna kaɗawa, amma wandon jirgi yana rataye tiƙis, gindinsa ya kumbura kamar hantsar akuya, ko motsi ba ya yi. A kewaye na uku jirgin ya karkata, ya nufi yamma, ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace.

Di'o ya je gindin gorar ya ɗaga kai ya duba, ya sa aka sauko da abin. Ya zaro 'yar wuƙa ya farke wutsiyar, da ƙyar ma, don ɗinki uku ne. Ruwa ya zubo ya jiƙa masa takalma. Aka mayar da shi sama, nan take iska ta shiga ta baki ta fita ta gindi, abin ya miƙe sambal yana nuna inda take tafiya. Ba wanda ya yi wa Maliki bayani, ba ya kuma bukata. Ya gane cewa telolin Yola ba su yi laifin komai ba, haka abin yake, a buɗe. Abbo ya zo yana cewa ƙasa ma ta jiƙe, wataƙila ko da hakan matuƙin ba zai sauka ba, an ce kuma za a sake gwadawa bayan ruwa ya ɗauke. Maliki bai ji ƙarshen maganar ba. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, na jirgin kaɗan ne a ciki, yawanci na kansa ne. Sunan Mai Wandon Jirgi daga ranar ya kama shi, ya bi shi har tsufa, bai taɓa amsa shi ba.

Bai koma gida ya kwance akwati ba. Ya aika wa Furera cewa ya wuce, ya kama hanyar Lau da babbar rigarsa. Motar ta kafe a laka sau biyu, suka tura. Binuwai ta cika ta batse, ya rufe ido a cikin kwalekwale har aka ƙetare. Ya kwana uku yana jiran wata motar, ya isa Jos, ya hau jirgin ƙasa. Duk abin da ya yi shekara talatin da uku yana gudu, sai ga shi hanya ce kawai, ana bi ana wucewa.

Ya sami Uwani zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, ta tsufa, ta ƙanƙance. Ya yi sallama ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ne Maliki."

Ta juyo da fuskarta, amma ba daidai inda yake ba. Ta miƙo hannu biyu, ya kai kansa, ta shafa goshinsa da kumatunsa, ta tsaya a kan gemu ta yi ɗan murmushi. Ta ce idon hagun ya ƙarasa rufewa tun farkon ruwa. Sa'an nan ta ce ba ta ji ƙarar jirgi yau ba.

"Ta ƙasa na zo, Yaya."

"Kwana nawa ka yi a hanya?"

"Goma sha ɗaya."

Hannunta yana kan fuskarsa har yanzu.

"Goma sha ɗaya kacal, Maliki?"