Tsohon zoɓon da ya shekara a akwati

Kofi uku na zoɓo na jera wa Hajiya Rabi, maƙwabciyata a unguwar Ƙuba ta Madina, ta zaɓar min na buɗa-baki. A Madina aka haife ta, ba ta taɓa ganin Najeriya ba.

Na Sudan ta ce ba laifi. Na Masar kuwa launi ne kawai.

Na ukun na Kano ne, ya shekara a akwatina har ya yi baƙi. Da kunya na miƙa mata.

Ta kurɓa, sai ta ce:

"Ya binti, wannan tsamin mai kama maƙogwaro na Ummi ne, mahaifiyata. Alhazai ke kawo mata, ta yi ta lallaɓa shi har shekara. Tun rasuwarta nake nemansa."

Na ƙulle mata ragowar duka.

Ku fa, wane ɗanɗano ke dawo muku da wanda kuka rasa?